Rabin Inci

Hoton bai yi mini ƙarya ba, in za a bi gaskiya.
Noti ne mai kusurwa shida, fari tas kamar sabon sule,
an rubuta a ƙarƙashinsa wai kowace mota yana shiga.
Na dangwala wayar da yatsa mai baƙin mai,
kuɗina suka fita,
ban ce a rage ba, ba a ce albarka ba.

Kwana tara Landrobar Malam Jatau tana kan jak
a garejinmu na Agoro.
Ta girme ni. Ta girmi auren iyayena.
Rakensa yana can bakin Galma a sare,
rana tana shanye zaƙin da ya kamata a kai kasuwa.

Ran na goma direban Legas ya kira ni Kwangila.
Ƙarƙashin gada ya miƙo ƙulli
bai fi na ƙuli-ƙulin naira ɗari ba.
Guda ashirin. Na ƙirga sau biyu.

Juyin farko ya shiga kamar ya san gidan.
Na biyu ya yi sallama.
Na uku ya cije.
Na ce tsatsa ce, na zuba mai.
Na ce tsufa ne, na zura bututu a wutsiyar sifana,
na hau da ƙafa, da nauyina, da tuwon daren jiya,
sai na ji ya yi laushi farat ɗaya,
irin laushin da ba bakaniken da ke son ji.
Zaren ƙusar ya zubo a tafina
kamar gashi a gaban wanzami.

Oga Barau ya dawo daga asibitin ido, fuska da auduga.
Bai nemi fitila ba.
Ya murza notin tsakanin babban yatsa da manuni,
ya murza ƙusar da na kashe,
ya ce, Tanimu, wannan sha biyu ne na mili,
waccan rabin inci ce.
Na ce, Oga, nawa ne tsakaninsu?
Ya ɗaga farcensa: kaurin wannan.
Ya ce, kama da wane ba ta wane.
Je ka auno gero da tiyar wani gari
ka gani ko matar gida ba za ta gane ba.

Ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci,
wanda sau uku ina cewa a sayar wa 'yan gwangwan.
Ya zazzage a kan buhu, yana lalube kamar mai tsintar wake,
ya ɗauko wani baƙi, mummuna, gefe ɗaya a cinye.
Ya ce, da ka tambaya.
Iyakar faɗan ke nan. Da ma ya zage ni.

Ƙusar kuwa sai da na kai ta Sabon Gari
wurin mai injin yankan ƙarfe,
ya karɓi ninki uku na abin da na ce na tsimi.
Na aika wa mai kaya saƙo.
Ya karanta, na ga alama. Har yau yana karantawa.

Landroba ta tashi ran Laraba da tari biyu.
Malam Jatau bai ce komai ba,
sai da yamma ya aiko mini da sanda ɗaya ta rake,
busasshiya.
Na shanye ta. Haƙorina ya gane saƙon.

Sha tara suna nan a leda, suna ƙyalli,
ba su da laifi, ba su da aiki.
Jiya ƙanwata Ladiyo ta zura huɗu a igiya
tana koya wa autanmu ƙidaya.
Ɗaya na jefa cikin gwangwanin Oga, bai gani ba.
Amma ya ji ƙarar,
ya ce, bar shi nan, wata rana motarsa za ta zo.