Littafin da Ba Shi da Bango

Ba shi da bango tun da ya zo hannuna.
Ko ɓera ko damina, wani ya cinye sunan marubuciyar.
Shafi na tara ne farkonsa yanzu,
inda matar ke tsaye a tasha da jaka ɗaya
tana ƙirga canjinta sau biyu.

Daga Herwagana ya fito, ƙarƙashin mayafin Daso,
ya kwana uku a Bolari, ya yi mako a Jekadafari.
Ba a biyan haya. Sharaɗin ɗaya ne:
ki karanta, ki miƙa.

Na san inda kowacce ta tsaya.
Ga man ƙuli a shafi na talatin,
Lantana ce, tana suya tana leƙe.
Ga ɗigon lalle. Ga lissafin adashi a gefe,
dubu biyu, dubu biyu, saura Hajjo.
Saratu mai aikin dare a asibiti
ta naɗe kusurwar wurin haihuwar,
ta rubuta da jan biro: ba haka ake yi ba.

A shafi na sittin da ɗaya
matar ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado.
Ba ta yi kuka ba, ba ta yi komai ba,
ta dai zauna.
Takardar wurin ta yi laushi kamar tsohon zane.
Can ƙasa wata ta sa fensir, ƙanana: ni ma.
Wata ta ƙara a ƙarƙashi: ni ma.
Na ƙirga biyar.
Ban gane rubutun kowa ba,
ko kuwa na gane na yi shiru,
tunda gobe za mu haɗu a layin famfo
mu yi ta maganar tsadar gawayi.

Ƙarshensa ya yage.
Daso ta ce matar ta koma Kumo ta buɗe shago.
Lantana ta rantse motar Yola ta hau.
Inna, wadda ba ta yi boko ba,
da na karanta mata a tsakar gida
cewa ta yi: ku bar baiwar Allah ta huta,
kun ishe ta da bin sawu.

Daren yau nawa ne.
An ɗauke wuta, yara sun yi barci,
na maƙale fitilar waya da haɓa.
Fensir yana hannuna tun ɗazu.
Da safe Uwani za ta aiko ƙanwarta,
ta ce tun Talata take jira.