Kwali

Ƙarfe tara na dare a Coventry,
bas ta sake yin latti.
Yayyafin garin nan ba ya jiƙa riga,
ƙashi yake nema.

Shekara uku ina bin kwali.
Baba ya sayar da fadamar albasa,
ya ce, "Tasi'u, je ka,
ilimi gona ce da ba ta san fari ba."
Na je, na kuma samu.
Ranar da aka ɗora mini hula mai kusurwa huɗu
mai kiran suna ya karya nawa gida biyu,
na tashi na karɓa ina dariya.

Yanzu ma kwali nake ɗauka.
Na takalma, na abincin karnuka,
na tukunyar da wata ta saya tsakar dare
don barci ya ƙi zuwa.
Na'ura a ɗaure a hannuna tana ƙirga takuna,
in na tsaya shan ruwa ta sani.

Takarda ɗari biyu da goma sha ɗaya na aika.
Ina da littafin da nake rubuta su,
kamar mai bin bashi a ƙauyen da kowa ya yi ƙaura.
Amsar, in ta zo, bakinta ɗaya:
mun gode, mun yaba, sai dai kash.
An ce ba mutum ke karantawa ba,
wata na'ura ce ke tankaɗe mu,
ni kuwa kullum a tsaki nake fita.

Sabon hannu suke so, in ji su,
amma wanda ya goge shekara biyu.
Ɗan tsako suke cigiya
wanda ya taɓa saka ƙwai.

Ran Laraba na yi intabiyu.
Na ari kwat a wurin Nafi'u, na goge ta,
na zauna gaban kwamfuta ina gaida fuskata.
Babu kowa a can.
Tambaya ta fito, agogo ya fara gudu,
na yi wa bango bayanin inda nake hango kaina
nan da shekara biyar.

Da na ɗauka baƙunta ce laifina.
Sai ga Gemma a layi na shida,
a garin nan aka yanke mata cibi,
ta karanci haɗa magunguna,
bashin makaranta ya fi ta tsawo.
Ga Priyesh, lauyan da bai taɓa ganin alƙali ba,
yana liƙe kwali da salatif.

Jiya wani ya fashe a hannunmu.
Firam ne a ciki, guda hamsin,
irin na rataye satifiket a falo.
Gemma ta yi dariya har ta zauna a ƙasa,
sannan ta juya baya ta daɗe tana gyara igiyar takalmi.

Inna takan kira ranar Juma'a.
"Ana ta haƙuri ko? Mai haƙuri yakan dafa dutse."
Ban gaya mata kuɗin gas a nan ba.
Ta faɗa wa maƙwabta ina aiki a babban kamfani,
kuma ba ta yi ƙarya ba,
sai ka yi minti goma kafin ka kai ƙarshensa.

Sannu ba ta hana zuwa, na yarda,
amma bizata tana da ranar mutuwa:
wata bakwai, da kwana tara.

Shida na safe na tuɓe safar hannu.
Waya ta yi motsi a aljihu, saƙo ne.
Ban buɗe ba.
Bari in kai gida tukuna, in yi salla, in sha shayi.
Muddin ban buɗe ba,
daga nan har titin Foleshill
ma'aikaci ne ke zaune a bayan bas,
goshinsa jingine da gilashi.