Mai Ƙanƙarar Tashar Vigo

Shekara talatin da takwas ina loda ƙanƙara
a jiragen masuntan Vigo,
tun kafin tsuntsayen teku su tashi da rigima.
Na san aikinta:
tana tsayar da ruɓa, ta sayo wa kifi kwana uku.
Ban taɓa zaton za a zuba ta a cikina ba.

Likita Sabela Outeiro ta juyo mini da allo.
Ga ƙullutun, ƙarƙashin mafitsara,
bai fi idon babban kifi ba.
Ga kuma ƙanensa da ya yi ƙaura zuwa ƙashin ƙugu.

Allurai sirara, sanyi zai bi ta cikinsu.
A daskarar, a bari ya narke, a sake daskarwa.
Na ce, likita, a wurinmu
wanda ya daskarar da kifi sau biyu korarsa ake yi,
naman fashewa yake.
Ta ce, fashewar muke nema.

Ba za a kwashe gawar ba.
A nan za a bar ta a yashe,
dakarun jinina su zo su shinshina,
su gane ɓarawon da ya daɗe yana cin tukunyarsu
da sunan ɗan gida.
Sai ƙarin ruwa, duk mako uku,
maganin da zai kwance musu dabaibayi
su bi sawun ƙanen har cikin ƙashi.
Gwaji ne, in ji ta. Ba alkawari.
Ta maimaita.
Biron Uxía ya ƙi rubutu, sai da na kaɗa shi
sannan na sa hannu.

Kwana tara da robar fitsari ɗaure a cinya.
Ƙuraje a gadon baya, ƙaiƙayi cikin dare.
Wai alama ce dakarun sun farka,
wai kuma wani lokaci sukan sari na gida.
Uxía tana rubuta zafin jikina
a bayan takardar kuɗin wuta.

Hoton gaba sai Maris.

Jiya da ruwa ya tsagaita na gangara tasha da sanda.
Wani yaro yana watsa ƙanƙara a akwatin kifi,
duk a sama, ƙasa ba komai.
Na ce, fara da gindi, ɗana.
Ya dube ni, bai san ni ba.
Na tsoma hannu cikin tulin
har yatsuna suka daina ji.