Wayar da Za Ta Shiga Bakin Zani

Teburi ɗaya gare ni a Ikeja,
bayan gada, a bakin layin Otigba:
gilashi mai tsagu a kusurwa,
laima, da hayaƙin injin maƙwabcina Chidubem.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina kallon waya tana girma
kamar yaron da ake ɗura wa kunun gyaɗa.
Jiya a tafin hannu, yau ta kai faifai,
gobe wataƙila sai an kira mata ɗan dako.

Ran Laraba Lantana ta sauko daga Agege,
yajin attaruhu bai bar mayafinta ba.
Ta kwance bakin zani, ta fito da tsohuwa,
fuskarta ta dare kamar ƙasan tafki da rani.
Ta ce, "Irinta nake so. In babu, ƙanwarta."

Na miƙa mata wadda kowa ke saye,
dubu tamanin da biyar, har da kwali.
Ta karɓa da hannu biyu, kamar an ba ta jariri.
"Malam Tanko, wannan ai tiren goro ne.
In hannu biyu suka tare a kanta,
da wanne zan kama ƙarfen mota a Oshodi?
Da wanne zan ba da canji?
Ɓarawo ma daga tsallaken titi zai yi mata sallama."

Sai na ja aljihun teburi.
Guda ɗaya ta rage, ta hannu ce, daga Turai,
tana kwance a tafi kamar sabulun wanka.
Babban yatsanta ya zaga kusurwa huɗu
bai ko miƙe ba.
Na ga fuskarta ta saki.
Na ce, "Dubu ɗari biyu da arba'in."

Ta yi dariya har ta dafa laimata.
"A wajenmu babban kwando ke cin kuɗi,
ƙananan tumatir gyara muke yi da su.
Ku taku kasuwar da ka take tafiya?"

Me zan ce mata?
Cewa can nesa wasu sun ƙirga hannaye,
suka ga jama'a ƙwallo suke so su kalla,
da batirin da zai kai su asuba in an ɗauke wuta?
Abin da aka ƙera da yawa shi ke araha.
Ita kuwa ƙarama, kayan gida guda ne
aka ce sai sun shiga keke mai ƙafa uku,
kuma wanda ya iya wannan lodin
ba ya karɓar kuɗin ɗan koyo.

Ban gaya mata bara waccan ba,
da na saro ashirin irinta
don kowa ya zo sai ya ce ya gaji da nauyi.
Su shafa, su yaba, su ce kamar don su aka yi,
sannan su tafi da babbar a leda.
Baki na son ƙarama, aljihu na da nasa ra'ayin.
Wata goma sha tara ina sayar da su ɗai-ɗai,
kuɗin makarantar Mairo na kwance a aljihun teburi.

Ta taya ɗari da ashirin. Na ce albarka.
Ta ƙara biyar, don kunya. Na ce albarka.
Ta daɗe tana jujjuya ta,
ta ajiye a hankali, kamar ƙwai.

"To nawa za ka sa wa tsohuwar sabuwar fuska?"
Dubu goma sha huɗu. Ta zauna a benci,
ta sayi ruwan leda, ta jira.
Da la'asar ta ƙulle abarta a bakin zani,
ƙulli biyu, ta shige cikin jama'a.

Da yamma aka ce dala ta sake motsawa.
Na ɗauko ƙaramar, na goge shatin yatsanta,
na kankare takarda, na rubuta ɗari biyu da hamsin.
Tawa kuwa, rabinta a waje,
tana leƙen duniya daga aljihun rigata.