Ka Cancanta, In Ji Waya

Daren Talata ina kishingiɗe a kan buhunan albasa,
waya ta yi kuka a aljihuna kamar gyare:
"Barka, Arzika! Ka cancanci katin bashi,
naira dubu ɗari huɗu na jiranka."

Sau uku na karanta.
A na huɗu na ta da Ige ta ji da kunnenta.
Ta ce, "Wa ya san ka a banki?"
ta juya, ta ja zanenta.

Ni kuwa kafin asuba na gama kashe kuɗin:
injin ban-ruwa, jan nan da nake leƙe a Jega,
tiyo mai kaiwa ƙarshen fadama,
taki buhu biyar,
da atamfa turmi guda
don Ige ta ji kunyar tambayarta.

Na sa rigar Juma'a ran Laraba.
Daga Aliero zuwa Birnin Kebbi
mu bakwai a mota, da kaji a ƙarƙashin kujera,
ni kaɗai nake murmushi.

Sanyin banki ya ratsa ni har ɓargo.
Yarinyar da ke bayan gilashi,
Shafa'atu, in ji rubutun ƙirjinta,
ta karɓi lambata, ta daddanna,
ta yi shiru irin na likita.

"Baba, makinka tsaka-tsaki ne.
Bai faɗi ba, bai kuma kai ba."
Na ce, maki?
Rabona da jarrabawa tun aji shida.

Ta ce akwai dubu goma sha biyu
da na ranta ta waya bara waccan,
na yi lattin kwana tara.

Na san kwana taran nan.
Su ne Sahabi ya yi a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa,
albasa na ruɓewa a rumfa, ba mai juya ta.
Na'ura ta adana kwanakin,
ta zubar da dalilin.

Na miƙa mata wayar, ga shaida.
Ba ta ko karanta ba.
"Wannan ai bismillar mai cin tuwo ce a ƙofar gida,
duk mai wucewa ana yi masa,
ba a sa ran ya wanke hannu."

Abin da ya rage na rabona, in ji ta, dubu sittin,
da ruwa a kai, mai toho duk wata.
Na auna a zuci.
Ko rabin jan injin bai kai ba.
Na gode mata, don ba ita ta rubuto ba.

A dawowa na sauka Jega wurin Labbo mai taki.
Littafinsa ya sha manja, bangon ya yage,
ba sanyi a shagon, ba kujera mai juyawa.
Amma ya san ubana,
ya kuma san kwana taran,
shi ya kai mana kunu a rana ta uku.
Ya lashi yatsa, ya buɗe shafina:
"Buhu biyu, sai ka cire albasa."
Injin dai na gaishe shi daga nesa.

Bayan magariba Tumba ta yi sallama,
matar maƙwabcina Manu,
da tsohuwar wayarsa ɗaure da roba.
"Duba mini, tun jiya take kuka."

Na duba.
"Barka, Manu! Ka cancanci katin bashi,
naira dubu ɗari huɗu na jiranka."

Damina biyu ke nan da muka kai Manu makwancinsa.

Tumba na jira, Ige na jira da ludayi a hannu.
Na ce, "Gaisuwa ce daga banki."
Ta ce, "Allah sarki, ashe ba su manta da shi ba."
Ige ta dube ni,
ta koma ga tukunyarta.