Harafi Mai Ƙugiya

Biyar da rabi a Adenta,
zakaran maƙwabci bai gama gyaran murya ba
na riga na tara bokiti a gindin tanki,
don ruwan famfo a nan baƙo ne,
Laraba yake zuwa, in ya ga dama.

Sakina ta ɓatar da safa ɗaya.
Huzaifa ya ce koko ba ya wucewa sai da ƙosai uku.
Uwarsu, Mariyatu, na guga da hannu ɗaya,
ɗayan yana nuna mini ƙwan baranda
da na ce zan canza tun kafin azumi.

A taswira, ofis minti ashirin ne.
A Madina, awa biyu,
tsakanin hancin torotoro da mai ruwan leda
da yaron mota mai kiran Sakul, Sakul,
kamar sunan wanda ya gudu da bashinsa.

Aikina rubuta wa na'ura umarni,
bawan da ba ya gajiya, ba ya kuma hankali:
abin da ka faɗa shi zai yi,
abin da kake nufi kai ya dama.
A Nima, in an tambayi Hajiya sana'ata
sai ta ce, "Danne-danne yake yi, kuma ana biyansa."

Ita ce ta kira da la'asar.
"Munkaila, sidi ɗari biyuna sun maƙale a injinka.
Na aika wa Ruƙayya Kumasi, kuɗin magani,
ba su je ba, ba su dawo ba."
Na ce Hajiya, mu arba'in ne a kamfanin.
Ta ce, "A cikin arba'in ɗin, kai na haifa."

Bayan isha'i na zauna a teburin cin abinci,
na ture littafin lissafin Huzaifa gefe.
Goma da kwata aka ɗauke wuta.
Na ci gaba da ragowar batir da sauro biyu,
ina bin sawun kuɗin layi bayan layi
kamar mai neman akuya a kasuwar dare.
Lambar daidai. Banki lafiya.
Shayi ya huce, na sha haka nan.

Can wajen ɗaya na gan shi.
Sunan gwaggota ne.
Na'urar ta zo kan ƙa mai ƙugiya, ta tsaya cak,
ba ta taɓa ganin irinsa ba,
ta sa alamar tambaya a tsakiyar Ruƙayya
ta rufe ƙofa.

Na duba wa ya rubuta wannan sashen.
Shekara uku baya.
Ni ne.
Ni da na koyi bambance baki da baƙi
tun ina bin Hajiya sayen gawayi,
ni na gina gida, na manta ban yi wa harshena ƙofa ba.

Gyaran bai kai layi huɗu ba.
Kunyar ce mai tsawo.

Na fita bayan gida da tocila
inda barkonona ke tsaye cikin bokitan fenti,
bakwai na shuka, biyar suka yarda.
Na tsinke ganyen da tsutsa ta ci,
na ba su ruwan da aka wanke shinkafa.
Su dai ba ruwansu da yadda ake rubuta sunansu.

Da asuba waya ta yi ƙara.
"Sun isa," in ji Hajiya. "Ashe ka iya."
Mariyatu ta juya, ido a rufe,
ta ce, "To, injiniya,
saura ƙwan baranda."