Tasha ta Sha Uku

Kan tsani nake, ƙafa guda a mataki na bakwai,
akwatin wifi manne da bangon babban aji
kamar gidan zanzaro.
A ƙasa ɗalibai ɗari huɗu, kowa da waya a tafi,
kowace waya tana kiran akwatin da sunansa.

Ku da kuke ganin iska fili ce:
rijiya uku gare mu da gugansu ba ya karo,
ta ɗaya, ta shida, ta sha ɗaya.
Ofishin magatakarda ya kwana kan ta ɗaya,
ɗakin karatu ya riƙe ta shida,
ta sha ɗaya kuwa har Ma'azu mai shayin bakin ƙofa
ya zura nasa guga,
yana sayar da lambar sirri dala goma.

Na duba allo. Ta sha uku shiru,
kamar hanyar Tanut da tsakar dare.
Na ce na tsinci dami a kala.
Na sauko, na karkaɗe wando, na sha ruwa.

Kwana biyu ba wanda ya neme ni.

Ran na uku Habsu ta iso
da ordinatarta naɗe cikin zane,
baƙa, mai nauyi, ƴar gwanjo,
ta ƙetaro teku, ta biyo ta Kwatano.
Tumaki biyu wanta Lawali ya kai kasuwar Dole kafin a saye ta.
Ta ce, Malam Iliyasu, kowa yana gani, ni ba na gani,
kuma saura kwana tara in miƙa kundina.

Na buɗe. Lafiyarta lau.
Can inda aka ƙera ta, ƙirga ya tsaya ne a sha ɗaya,
abin da ya wuce nan
kunnenta bai san an halicce shi ba.

Akwai gajeren zango na sama, na sani,
mai faɗi, inda sababbin wayoyi ke tsere.
Amma ba ya huda katangar siminti biyu,
kuma wannan tsohuwa ba ta taɓa jin labarinsa ba.
Zangon da ta sani guda ne,
kamar kakata da ba ta wuce Zango da Birni.

Na sake jingina tsani.
Na dawo da mu ta sha ɗaya, cikin cunkoso,
na rage faɗin hanya zuwa ashirin,
na rage wa akwatin murya
don kada ya yi wa maƙwabcinsa ihu a ka.
Da la'asar na zauna bencin Ma'azu,
shayi biyu na sha, na biya,
kafin ya yarda ya matsa da nasa.

Washegari Dokta Canga ya bugo:
bidiyonsa yana tsayawa, wa ya taɓa rezo?
Na ce ni ne.
Ya ce jiya ya fi gudu.
Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Na leƙa ta taga.
Habsu na gindin bedi, baya jingine da dutse,
shafi yana sauka mata kaɗan kaɗan
irin zuwan ruwan famfon unguwarmu da asuba.
Ba ta ɗago kai ba.
Hannu kawai ta ɗaga, ta ci gaba da bugawa.

Ta sha uku tana nan yadda na same ta.
Wani lokaci nakan buɗe allo in dube ta.